Faifan da Kawu Nomau Ya Hana Ni Ji

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar Kawu Nomau a kasuwar Madarumfa ya san ba fuska yake fara dubawa ba, hannu yake dubawa. Bakinsa na amsa sallama, idonsa na kan yatsunka. In ya hango maiƙon tsire ko garin ƙuli-ƙuli, sai ya ja kwalin hajarsa baya da ƙafa, ya nuna maka buta da guntun sabulun da ya ajiye musamman a gindin rumfa. Ka wanke, ka bar hannun ya bushe a iska, ba a jikin rigarka ba, sannan a fara maganar ciniki.

Faifan sede, wato CD, yake sayarwa, irin waɗanda ake ɗura wa karatu da wa'azi da kiɗa a Maradi, masu ciki kore-kore ko ruwan zinariya. Kun dai tuna yadda yake ɗaukarsu. Ɗan yatsa a ramin tsakiya, babban yatsa a gefe, ya ɗaga sama ya karkata kai kamar mai duban wata, ya hura masa numfashi, sannan ya zaro ƙyallensa daga aljihun gaba. Ƙyallen nan tsohuwar singiletin jarirai ce, da hannunsa yake wanke ta, bai taɓa yarda ta shiga wankin gida ba. Gogewa kuma daga cibiya zuwa baki, a miƙe. In ya ga wani yana zagaya ƙyalle a kan faifai, ko ba nasa ba ne, sai ya taso ya ƙwace.

"Sede ba kwanon tuwo ba ne da za ka bi shi da suɗi," in ji shi.

Ni ce Barira, ɗiyar ƙanwarsa Delu, kuma sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. To kun ga matsayina a wurinsa. Tun ranar da na fara tuya Kawu ya yanke hukuncin cewa hannuna ba zai sake tsarkaka ba, ko da zan ƙarar da ruwan tabkin garin nan a kansa. In na shiga ɗakinsa gaisuwa, sai na naɗe hannuwana cikin mayafi kafin ya ce in zauna. Da a kan faifan kasuwa ne kawai, da ko a jikina. Amma a ɗakin nan, cikin wata kwalla, cikin farin ƙyalle, akwai faifai guda da ke ɗauke da muryar mahaifiyata, wadda ban taɓa ji ba da wayona.

Ga yadda abin ya samo asali. Ina jaririya Kawu ya dawo daga ci-rani a Najeriya da rediyo mai ɗaukar magana, ya rasa wanda zai gwada a kansa sai ƙanwarsa, ya ɗauke ta a kaset tana yi mini waƙar lallashi. Ban kai ga yaye ba ta rasu. Dangin ubana suka tafi da ni garin Gabi, can na girma, sai aure ne ya dawo da ni Madarumfa. Kafin in dawo, zamanin kaset ya fara shuɗewa, Kawu ya kai nasa Maradi aka juye muryar a kan sede, ya tsaya a kan mai juyewar har aka gama. Bai daɗe da dawowa ba rediyo ya tauna kaset ɗin ya tofar. Muryar Delu ta rage a wuri ɗaya tak a duniya, kuma wurin yana hannun mutumin da ya fi kowa taurin kai tsakanin Maradi da kan iyaka.

In kuna ganin ƙari nake yi, ku tambayi Alhajin nan mai canjin kuɗi na Ɗan Issa. Ana gab da azumi ya zo da motarsa, ya ce a haɗa masa duk faifan tafsirin da ke rumfar. Wani ɗan kasuwa da tuni ya fara washe baki. Kawu kuwa tambaya ya yi.

"Alhaji, ina za ka aje su?"

"Cikin mota mana, nan gaba, ƙarƙashin gilashi."

Kawu ya tashi ya je har wurin motar, ya zura hannu ta taga ya taɓa wurin, ya janye da sauri yana yarfewa.

"Nan? Nan ko ƙwai anka aje sai shi dahu. Malamin da ke ciki mi ya yi maka?"

Alhaji ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne, har sai da ya ga ana mayar da faifan cikin kwali ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Wai Malam Nomau, sayarwa kake ko aurarwa?"

"Aurarwa," in ji Kawu. "Kuma an yi bincike, ba ka ci ba."

Ranar nan matarsa, Inna Hajo, da miyar kuka ba nama ta tarbe shi, ta ce ya ci, albarkacin surukin da ya kora ne.

Sai kuma maganar amalanke. Kun san masu amalanken Safo sukan kafa mataccen faifai a bayan katako, don fitilar mota ta haska su a hanya. Wata rana Kawu na komawa gida a kan keke ya hango ɗaya yana walƙiya a gabansa. Ya matsa kusa, sai ga rubutun hannunsa a jiki. Ba a ɓata rubutun Kawu, domin shi kaɗai ne ba ya rubutu a bayan faifai da bik, wato biro, sai da alƙalami mai taushin baki, wai bik na sokar murya ta baya. Ya taka keke ya sha gaban jakin.

"Bawan Allah, tsaya. Ina ka samo wanga sede?"

"Wurinka na saye shi, Baba, bara waccan. Ya mutu, ba shi magana, sai ƙyat-ƙyat."

"Ya mutu. To kai in ka mutu, bayan jaki za a kahe ka da ƙusa?"

Mutumin ya ce shi dai faifan nan ne ke hana manyan motoci bi ta kansa. Kawu ya ga gaskiyarsa. Ya ciro ƙusar a hankali, ya goge faifan ya sa aljihu, sannan ya kwance jan gilashin bayan kekensa ya ɗaura wa amalanken. Ba a yi mako ba wani mai kabu-kabu da bai hango Kawu ba da magariba ya tura shi cikin kwata. Muna zaune ana ja masa targaɗe yana cije leɓe, Inna Hajo ta leƙo ta ce, "Sannu. Sede dai ya samu sutura." Mataccen faifan kuma ya shiga gwangwanin madara, inda Kawu ke tara ƴan'uwansa, kowanne da ƙyalle tsakaninsa da na kusa.

Mutumin da ke yi wa gawar faifai haka, sai ku auna yadda zai yi da na Delu. Ina amarya na fara roƙonsa ya sa mini in ji. Ya ce amarya ta riga ta yi kukanta, a bari idonta ya huta. Da na haifi ƴata ta fari, aka mayar mata da sunan mahaifiyata, na ce to yau dai ranar ta zo. Ya dubi ƙwan lantarki ya ce kuran, wato wutar, na rawa, ba zai sa ƙanwarsa cikin inji wuta na sama da ƙasa ba. Na aika aka sayo pil, wato batir. Ya juya su a hannu ya ce bai san asalinsu ba. Cikin azumi ya ce ba a jin waƙa. Bayan salla ya ce gari ya cika hayaniya. Da damina laima, da bazara zafi. Shekara ta zagayo ban samu ranar da ta dace da kunnena ba, haka ta bayanta, haka wadda ta biyo.

Da na matsa masa, sai ya fito mini da iliminsa fili.

"Ɗiyar Delu, murya kamar sabulu take. Duk wanka sai ta rage. Na kasuwa in ya ƙare akwai wani a Maradi. Wanga in ya ƙare, ina zan samo wani?"

Na ce to a kwafa mana a wayar salula, kowa ya samu nasa, faifan ya huta. Kamar na zage shi.

"Kwahi? Ba ki ga abin da ya samu kaset ba? Lahiya lau shike, ranar da anka ɗebe mai murya bai ƙara moruwa ba. Ɗiba ɗiba ce, ko a rumbu ko a sede."

Ka rasa ta inda za ka kama mutum irin wannan. Hujjarsa a karkace take, amma ko ta ina ka zagayo sai ka tarar ya toshe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shanya. Duk ƙarshen damina, lokacin da mata ke fitar da tufafi da tabarmi su sha rana saboda laima, Kawu ma sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya jera faifansa, ciki a sama, suna ƙyalli har makwabta na kare ido. Ya ɗauko kujera da tsumagiya ya zauna gadin kaji. Na Delu shi ne a tsakiya, a kan farin ƙyallensa, kuma don girmamawa shi ake fara fitarwa, shi ake ɗaukewa a ƙarshe.

Ɗansa Sani, taubashina, mai gyaran salula a Maradi, ya zo ya tarar da wannan shanya wata shekara, ya dafe kai.

"Baba, irin wanga sede da ake ɗurawa, rana ce ke kashe shi. Launin da ke ciki shi ke riƙe da murya. In ya sha rana sai shi koɗe kamar atamfa."

"Hatsi a shanya shi, barkono a shanya shi, littahin malam in ya sha laima a shanya shi. Sede ne ɗan gwamna?"

"To ba kai ka hana Alhaji ajewa gaban mota ba saboda rana?"

"Waccan ranar mota ce, ta biyo ta gilashi, ta gauraya da warin isansin da mota ke sha. Wagga ta Allah ce tsagwaronta. Kai da anka haihwa jiya za ka koya mini rana?"

Kowa ya yi dariya, har Sani. Ni ban yi ba. Tun daga ranar, duk shekara in na ga tabarmar nan a tsakar gida sai in tuna uwata ce ake gasawa a gabana, kuma da ƙauna ake gasa ta.

Wata shekara dai haƙurina ya ƙare. Na shigo na tarar da shanya, na tsaya a kansa ban ko naɗe hannu ba. Kun san bakina, ba sai na maimaita duk abin da na faɗa ba. Na ce masa ya ajiye murya kamar mai ajiyar gishiri a bakin kogi, ba ya ci, ba ya bayarwa, kuma yana kallo tana narkewa. Na ce ƴata ta yi wayo tana tambayata kakarta, ni kuma ko "sannu" ɗinta ban sani ba. A ƙarshe na ce, "Kawu, uwata ce hwa."

Bai ɗaga murya ba. Ya kori wata kaza da tsumagiya, sannan ya ce, "Ƙanwata ce tun kahin ta zan uwarki. Ni na goya ta. Ni na sa ta rami."

Maganar ta ƙara ba ni haushi. Na juya na fita. Na daɗe ban taka gidan ba, sai dai in aika da mai da ƙuli-ƙuli a ba Inna Hajo. An ce duk ranar da saƙon ya iso sai ya tambaya ko na ce wani abu, in aka ce a'a sai ya ce madalla, taurin kai ne, na gidansu ne shi da Delu.

Daminar da ta zama ta ƙarshe gare shi, ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Rumfar ma an daɗe da rufewa, duniya ta koma salula, ba mai neman sede sai masu korar tsuntsu a gonar gero, su kuma Kawu ya gwammace ya kwana da yunwa da ya sayar musu. Ya aika a kira ni, a kira Sani. Na tarar ya rame, ido ya faɗa, amma yana ganina ya ce a ba ni sabulu da toka. Na wanke hannu har fata ta fara zafi. Ya duba, ya shinshina, ya girgiza kai, ya miƙa wa Sani kwallar.

"Kai za ka riƙe. Ita ta bi ka da ido." Ya numfasa. "Ku tahi Maradi ku kwahe. In ta rabu biyu, ku kawo mini rabina."

A shagon Sani aka buɗe ƙyallen. Ko ni da ban san komai ba na ga faifan ya koɗe, ya zama kamar shayin da aka yi wa ƙarin ruwa, amma babu ƙarzane ko ɗaya a jikinsa, wannan kam a yaba wa Kawu. Sani ya sa shi cikin ordinatar, wato kwamfuta. Injin ya yi ta gurnani, ya tsaya, ya sake ɗauka. Sani ya ce sede daga cibiya yake fara magana ya nufi baki, kuma abin da ke kusa da cibiya kaɗai injin ke iya kamawa, sauran ya tafi. Ya kwafi abin da ya samu, ya ƙara murya, ya ce in matso.

Da farko shuuu, sai kukan kaza, sai ƙarar taɓarya a turmi. Sannan muryar wani saurayi, siririya, mai iyayi, wadda ko a mafarki na ji ta zan gane.

"Delu, aje taɓaryar, garin gero na tashi. Matso. A'a, kin matso da yawa, koma baya. Kada ki taɓa nan. Kuma ki bar yin numhwashi bisa rediyon."

Sai mace ta fashe da dariya. Dariya mai kauri, mai ɗan dishi-dishi, irin ta wanda ba ya tsoron kowa.

"Wai Yaya, waƙa kake so ko gawa? In ban yi numhwashi ba da mi zan yi ta?"

Sai jaririya ta tsala kuka. Matar ta ce, "Ga shi nan, ka tada mini Barira. Zo nan, uwata. Ƙyale kawunki, haka Allah ya yi shi." Aka ji ta gyara zama, ta ja numfashi, ta fara, "Bari..." Daga nan sai ri-ri-ri-ri, injin ya yi shiru.

Sani ya juyo ya ce, "Wallahi muryarki ce, har masihwar." Na kai masa duka ina dariya, dariyar ta juye kuka, na zauna a ƙasan shagon mutane na shigowa da salularsu suna raɓawa ta gefena. Na yi baƙin cikin waƙar, na ji haushin Kawu kamar in koma in shaƙe shi. Amma uwata ta kira sunana, na ji da kunnena, kuma ban san akwai daɗi irin wannan a duniya ba.

Da la'asar muka koma. Na kanga masa salula a kunne. Ya rufe ido yana saurare, da aka zo wurin dariyar sai leɓensa ya motsa. Da ta yanke ya buɗe ido.

"Ina sauran?"

Sani ya buɗe baki zai ambaci rana, na take masa ƙafa.

"Na hwaɗa maku," in ji Kawu. "Kun kwahe, ta rabu. Ba a jin maganata gidan nan."

Muka ce haka ne, Kawu. Ban sani ba ko shi kansa ya yarda da abin da ya faɗa. Ya kalli tsakar gida ta ƙofa. Can sai ya ce Sani da Inna Hajo su fita, a saki labule. Ya ce in tallafo shi ya zauna. Da na gane abin da zai yi na lalubo salula, ya buge mini hannu.

"Aje wanga abu. Da kunne za ki ɗauka."

Dattijon nan da ko guɗar biki ba ya tsayawa saurare, ya gyara murya ya yi mini waƙar mata, numfashi na yanke masa yana haɗawa:

"Barira ta Delu, bar kuka,
gero na turmi, nono na ƙwarya,
tabki ya kawo, kifi ya kwana,
ke ma ki kwana, ina nan kusa."

Ya sa na maimaita. Ya ce ba haka Delu take jan "kusa" ba, na sake. Ya ce na cika sauri, Delu ba ta gaggawa, na sake. Ya ce yanzu kuma na mayar da ita waƙar makoki. Haka muka yi ta yi, yana faɗa ina hawaye, har ya ji ta zauna yadda yake so. Sannan ya kwanta, ya juya fuska bango ya ce, "To, ajiyarki ta hita hannuna. Kuma in kin hwaɗa ma wani na yi waƙa, ban yahe ba."

Ba a gama yankan gero ba ya rasu. Ga shi na faɗa wa gari guda, Kawu, sai ka yi haƙuri, ka san ɗiyar wa ka ba amana.

Allah ya jiƙan Kawu Nomau, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya haɗa shi da ƙanwarsa a gidan rahama, ya kuma ba shi haƙurin zama shiru har ta kai ƙarshen waƙarta. Amin.